Raƙumin Kawu Na Allah Mai Tozo Biyu

Shekara bakwai na yi rabona da garinmu, wani ɗan gari da ke cin kasuwar Urafane. Na bi ayarin masu gashin jimina daga Tasawa, muka yi Agadas, muka yi Gat, har Tarabulus bakin teku. Na dawo shekara biyu bayan annobar da ta ƙare shanu. Ranar da na sauka dangi suka cika gidanmu maƙil, kowa yana cewa ya yi kewata, idonsa kuwa na kan bakin jakata. Na kwance jaka, na fito da riga ɗaya da wando ɗaya. Nan take kowa ya tuna ya bar abu a kan wuta. Kafin in kai ƙasan jakar, saura Inna da ƙaninta, Kawu Na Allah.

A ƙasan jakar akwai wani ɗan raƙumi fari fat, a gurfane, tsawonsa bai kai taƙi ba. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta koma ga dakanta.

Ga asalinsa. A Tarabulus na yi shekara biyu wurin wani Banasare mutumin tsibirin Malta. Yana da wani farin gari da Larabawa ke kira jibsi. A kwaɓa shi da ruwa kamar kunu, a zuba a mazubi, kafin ka gama alwala ya daskare. A buɗe mazubi, raƙumi ya fito. Ni ke kwaɓawa, kuma in bikin Nasara ya matso arba'in muke zubawa a yini. Mazubin ma ba shi ya yi ba, na kakansa ne, kakan kuma daga jikin wani raƙumin ya ɗauka, wanda ba a san mai shi ba. Tozo biyu gare shi. Raƙuma ɗari na wucewa ta ƙofar shagon mutumin nan kullum, bai taɓa ɗaga kai ya ƙirga tozonsu ba. Wannan ɗin ya ba ni ranar sallama, don wutsiyarsa ta guntule, ba mai saye.

Kawu Na Allah magini ne, in dai ana kiran mutum da abin da ya ce yana yi. Katangar da ya gina wa maƙwabcinmu ta ga damina ɗaya ta nemi wuri ta zauna. Rumbun da ya yi wa wani tsoho sai da aka tokare shi da itace uku, mai shi yana ɗibar gero yana salati. Amma in ka zauna da Kawu zai gaya maka ganuwar Tasawa da shawararsa aka ɗora ta, ganuwar da ta girmi ubansa.

To, a lokacin Sarkin Magina ya rasu, Mai gari kuma yana son naɗa sabo kafin a fara masa sabon zaure. Suna biyu ke gabansa. Akwai Mamudu, mutumin da ba ya wuce magana uku a yini, wanda ɗakunan da ya gina tun yana saurayi yanzu jikoki ke kwana a ciki. Akwai kuma Kawu, wanda shi da kansa ya kai sunan nasa.

Kawu ya ɗauki raƙumin, ya juya shi, ya sunsuna.

"Ɗanladi, wa ya san da wanga abu ban da ni da uwarka?"

"Babu, Kawu."

"Ara mini shi kwana biyu in duba hannun mai aikin. Mu magina muna karanta hannun juna."

"Ai ba hannu ciki, Kawu, zubi ne."

"Kai dai ka yi shekara bakwai kana yawo ba ka san aiki ba," in ji shi. Ya jefa shi aljihu ya fita.

Ranar kasuwar Urafane na tafi, don zaman gida ya fara cizona. Ina shiga na hango taro ƙarƙashin gawo. Na kutsa. Ga Kawu a tsakiya, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle kan faifai, ga raƙumina a kai.

"Kwana arba'in na yi ina aikinshi," yake cewa. "Ƙasar kuwa daga wani rami na ɗebo ta, kakana ya nuna mini shina gab da cikawa. Duk ƙasar Tasawa da Mayahi ba wanda ya san ramin nan sai ni. Kada ki taɓa, ke! Da ido ake kallo."

Ya hango ni, ya matso yana murmushi, ya ɗora diddigensa kan ɗan yatsan ƙafata ya danna. Na ja ƙafata na ci gaba da kallo. Mutum ba ya ƙaryata kawunsa a tsakiyar kasuwa. Kuma in faɗi gaskiya, tun da na dawo ban ga abin da ya hana ni hamma ba sai ranar.

Sai ga Mamman Buzu, mai ayarin gishiri da ke cin rani da raƙumansa a bayan garinmu. Ya tsuguna, ya ɗan ja amawali ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Na Allah, mi ne ne wanga?"

"Kai da aka haiha ƙarƙashin raƙumi kake tambaya?"

"Don haka nika tambaya. Tozo biyu. Ina za a aza sirdi?"

"Tsakani mana! Gaba jingina, baya jingina. Wanga raƙumin gabas ne, irin na sarakunan Istambul. Naku na talakawa ne, shi ya sa aka ba shi tozo guda."

"Ka taɓa zuwa gabas?"

"Na kusa zuwa Damagaram."

Taro ya fashe da dariya. Kawu ya ɗauka goyon baya ne, ya ƙara da rantsuwa cewa raƙuman gabas duk haka suke, wasu ma uku gare su. Mamman ya miƙe ya gyara amawali, ya ce nonon taguwa ya sha ya girma, kuma ba zai zauna a garin da za a naɗa wa mutumin da bai iya ƙirga tozo rawani ba tare da ya gaya wa Mai gari ba.

Bayan la'asar kuma Malam Abdussalamu, limamin garinmu, ya tare Kawu a ƙofar masallaci.

"Na Allah, na ji ka ƙera surar abu mai rai. Ka san gobe kiyama za a ce ka hura mishi numfashi?"

Kawu ko gezau. Ya zaro raƙumi ya miƙa. "Allah gahwarta Malam, ƙirga tozon."

"Biyu."

"Ka taɓa jin Allah ya halicci raƙumi mai tozo biyu? Da gangan na ƙara ɗayan don tsoron Allah. Wanga dabba babu ita ko'ina a duniya, balle a ce na kwaikwayi halitta."

Malam ya shafa gemu, ya ce zai duba littafi, amma maganar ta ɗan yi kama da hujja.

Ya zama ke nan Kawu ya wayi gari da labari biyu a gari ɗaya, kuma garinmu bai kai girman da labari biyu za su yi kwana ɗaya ba su haɗu ba. Da hantsi Mai gari ya aiko. Muka tarar da shi a ƙofar gida kan buzu yana ɓara goro, Mamman a dama, Malam a hagu, Mamudu can gefe yana sassaƙa ɗan itace kamar ba da shi ake ba.

"Ranka shi daɗe," in ji Mamman, "ya rantse mini akwai irinshi gabas."

"Ni kuwa ya ce mini babu irinshi ko'ina," in ji Malam.

Mai gari ya tauna goro. "To, Na Allah. Akwai ko babu?"

"Ranka shi daɗe, akwai shi." Ya saci kallon Malam. "Amma ba kullum ba."

Mai gari tsoho ne da ya ga magina da yawa. Ya karɓi raƙumin ya duba gashin wuya da aka fitar siri-siri, ya duba kofato, sa'an nan ya dubi hannun Kawu mai kama da saiwar kuka.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Tunda hannunka ne, yi mini wani, su zama biyu, in aje su dama da hagun ƙohwar zaure. Ka kawo su Juma'a ta sama, rawani naka ne. Ba ka kawo ba, na Mamudu ne."

"Ranka shi daɗe, kwana arba'in..."

"Na hwarko ke cin arba'in. Yanzu hannu ya san hanya. Kwana goma. Maganar tozo kuwa ku ƙarata ku uku, kada in sake jin ta."

A hanya Kawu ya ce mini, "Ka ga yadda Mamudu ya yi shiru? Tsoro ne."

Matar Kawu, Inna Zara'u, maginiyar tukwane ce, tulunta har Mayahi ake zuwa nema. Da ya dawo da kwandon laka daga kududdufi ta ce ko ya bari ta tankaɗe masa ita ta cire tsakuwa.

"Wanga aikin sarauta ne, Zara'u, ba tulu ba."

"To, Allah shi ba sarauta haƙuri," ta ce.

Rana ta fari ya gina raƙumi, wuya ya faɗi. Ya ɗaga, ya sake faɗi. Ya soka kara a ciki, wuya ya tsaya kamar na zakara mai cara, da rana ta buga shi ya tsage gida huɗu. Maƙwabta suka fara leƙe ta saman zana. Wata ta tambaya ko murhu yake yi, in murhu ne tana so.

Rana ta uku ya tuna na farin fari ne, laka kuwa ja ce. Ya ɗebi garin geron Inna Zara'u, ya haɗa da ƙaro da toka, ya mulmula wani abu, ya shanya a kan turmi ya tafi sallar azahar. Ya dawo ya tarar da akuya na lashe baki, kaji na rigima kan abin da ya yi saura na tozo.

"Wanga dai ya karɓu," in ji Inna Zara'u. "Tun da na aure ka ban ga aikinka da aka yi rububi kanshi ba sai yau."

Rana ta huɗu ya same ni ina zaune bakin hanya ina kallon arewa.

"Ɗanladi, abin nan da kake hwaɗi, mazubi. Ba don ban sani ba, ina so in ji ko ka riƙe karatu."

Na ce ana danna abin cikin wani abu mai laushi, rabi da rabi, ya bar siffarsa. Na fara cewa sai an shafa mai tukuna, kuma ba mu da jibsi a nan, amma Kawu ba ya sauraren rabin magana na biyu tun yana yaro. Ya riga ya yi gaba.

Ya dunƙule raƙumina cikin jar laka ɗanya, ya bar shi kan rufin rumfa har washegari. Laka ta bushe ta kama shi gam. Ya sa bakin wuƙa yana ɓanɓara, mazubin ya rabu gida uku, raƙumi ya fito ja wur kamar saniyar Bororo, kunne ɗaya ya zauna a ciki. Kafin in iso ya sa shi a ƙwarya da sabulun salo yana dirza da soso. Jan bai fita ba, amma idanu sun fita, hanci ya shafe, gashin wuyan nan da Mai gari ya yaba ya koma sumul kamar ƙoƙo.

"Kawu! Shekara bakwai, shi kaɗai na kawo!"

"Kwantar da hankalinka. Zan mayar maka da shi ya hi yadda ka ba ni."

Ana haka sai sallamar Mamman. Ya zo ganin yadda aiki ke tafiya, in ji shi. Ya tsuguna ya duba.

"Yanzu dai launi ya zama na raƙumi. Cire tozo guda, Na Allah, ni da kaina in shaida gaban Mai gari ka san dabba."

Shaidar Buzu kan raƙumi ba abin yarwa ba ce. Kawu ya ɗauki wuƙa ya sa wa tozon baya. Yana yankewa sai ga rami, baƙi ƙirin. Ni na sani, don mukan juya mazubi mu zubar da na tsakiya saboda kada jibsi ya ƙare. Mamman ya kafa ido a ramin, ya hura, abin ya yi fito.

"Ashe ƙasar kakanka iska ce ciki."

"Nan ne ma'ajiyar ruwa," in ji Kawu. "Ba ku ke cewa raƙumi shina aje ruwa ba? Ina kuke zaton shike aje shi?"

Mamman ya fita yana riƙe da ciki don dariya. Kawu ya toshe ramin da laka. Kafin magariba labari ya kai masallaci, sai ga Malam Abdussalamu da carbi.

"Na ji ka rage tozo. Ke nan yanzu ya zama raƙumi sosai, maganarmu ta dawo."

"Wa ya hwaɗi? Gyara nike mishi!" Kawu ya mulmula laka ya manna a wurin. "Ga su nan biyu, Allah gahwarta Malam."

Daga ranar tozon baya ya zama na cirewa da mayarwa. Kawu ya busar da shi, yana ajiye shi cikin hula. Ya sa Inna Zara'u in ta ji sallama ta leƙa ta faɗi ko wane ne. In ta ce Malam ne, ya ɗora tozo. In ta ce Buzu ne, ya cire. Kwana biyu abin na tafiya daidai, ran na uku ta leƙa ta ce Buzu ne, Kawu ya cire tozo ya cusa a hula, Malam ya shigo.

"Ido ne ya fara yi mini rauni," in ji ta, tana ci gaba da lailaya bakin tulu.

A cikin wannan hidima dai ya samu ya haɗa gutsattsarin mazubinsa da igiya, ya cusa laka a ciki, ya fitar da wani abu da ya ce shi ne na biyu. Ya rufe shi da ƙwarya, bai bar kowa ya gani ba, har ni.

Rana ta tara Inna Zara'u ke gashin tukwanenta a bayan gida. Ta jera su a rami, tana rufewa da kara da busasshen kashin shanu. Sai ga Kawu da raƙumansa biyu, ya ce a ba su wuri a tsakiya inda wuta ta fi ƙarfi. Tozon cirewa ma ya manna shi, ya ce gobe Malam ne zai fi kusa da Mai gari.

"Kawu, kada ka sa na hwarin cikin wuta," na ce. "Jibsi da wuta ake maida shi gari. In ya koma wuta, gari zai koma."

"Ji yaro zai koya wa magini wuta! Mi ka taɓa gani ya shiga wuta bai yi ƙarhi ba?"

"Kara," in ji Inna Zara'u. "Bar shi, Ɗanladi, miƙo mini wutar."

Da safiyar Juma'a toka ta huce. Kawu ya tone a hankali. Ga raƙumi a gurfane yadda aka sa shi, toka ta mayar da shi fari-fari, sai ƴan layuka siri-siri a jikinsa kamar tafin tsohuwa. Kawu ya dube ni ta gefen ido.

"Gari, ko?"

Bai taɓa shi da hannu ba, wai kada ya ɓata farin. Ya zura faifai ta ƙasa ya kwashe shi da tokarsa, ya ajiye ɗayan a gefe, ya rufe su da baƙin ƙyalle.

Bayan azahar gari duk ya hallara ƙofar Mai gari, har mata sun tsaya can jikin zana. Mai gari ya fito da sabuwar riga, kore ta Kano, baƙa tana ƙyalli, ranar ya fara sa ta. Ga rawani a naɗe kan tabarma. Kawu ya taho da faifai a ka, yana yi wa kansa kirari tunda ba wanda ya yi masa.

"Sai ni Na Allah, mai hannu goma! Na gina ƙasa ta tsaya, na gina gari ya tsaya!"

"Ban da katangata," in ji maƙwabcinmu daga baya.

Kawu ya durƙusa, ya ɗaga rabin ƙyalle, na farin ya bayyana.

"Ina idanunshi?" in ji Mai gari.

"Barci shike, ranka shi daɗe. Kuma na ƙara mishi aiki, na gasa shi. Yanzu ko jaki ya taka shi sai dai jakin ya ji ciwo. Ɗauka ka ji."

Mai gari ya jawo faifan kan cinyarsa, ya kama wuyan raƙumi da yatsa biyu ya ɗaga. Wuyan ya taso shi kaɗai. Kafin ya ce wani abu wuyan ma ya narke tsakanin yatsunsa. Ya sa ɗaya hannun don ya tare jikin, jikin ya zube gaba ɗaya, fuu, faifai ya kife. Farin gari ya wanke kore ta Kano daga ƙirji har gwiwa. Mai gari ya yi atishawa, ta biyu, ta uku, kowace na tayar da sabuwar ƙura zuwa gemunsa. Da ta lafa, ba abin da ya rage a cinyarsa sai tozon laka, ya gasu ja wur kamar ƙwallon goriba.

Mamman ne ya fara magana.

"Raƙumin gabas ya koma gabas."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Abdussalamu. "Ni dai mas'alata ta warware."

Dariya ta ɓarke, har da mata. Mai gari bai yi ba. Ya karkaɗe gemu ya nemo ni da ido.

"Kai ɗan Hawwa, kai ne ka dawo daga nesa. Mi ne ne wanga da ke jikina?"

Kawu yana ta yi mini ido, amma diddigensa ya yi nisa da ƙafata. Na faɗi komai, tun daga shagon Banasare har zuwa guntuwar wutsiya.

"To wa ya yi shi ke nan?"

"Ni na kwaɓa, ranka shi daɗe. Banasare ya zuba. Kakanshi ya yi mazubi. Wanda ya yi na hwarkon kuwa, su ma ba su san shi ba."

"Wato kowa ya sa hannu ban da kawunka."

"Ya sa, ranka shi daɗe. Daga baya."

Kawu ya zabura ya yaye sauran ƙyallen. "Wancan na yaro ne, dama gwada shi nike! Ga nawa! Wallahi tallahi wanga ni na yi shi, ba Banasare ciki, ba kakan kowa!"

Aka matso. Abin ya gasu, ya yi ja. Yana da wani ƙullutu a sama da wani a gefe, da wani tsini da ban sani ba ko wuya ne ko wutsiya, da sawun igiya a kewaye da shi. Wani ya ce kunkuru ne. Wata ta ce gafiya ce da aka taka. Maƙwabciyar nan ta ce ai murhun da ta nema ne, saura ƙafa ɗaya. Mamman ya ce ya yafe, shi dai raƙuma ya sani. Malam ya duba sama da ƙasa ya ce wannan halal ne ba tantama, duk wanda ya ce ya yi kama da halittar Allah sai ya tuba.

"Na yarda kai ka yi shi," in ji Mai gari. "Ba sai ka rantse ba."

Sai Mamudu ya ajiye itacensa ya miƙo hannu. Ya ɗauki abin, ya auna nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da zobe. Ya yi ƙara, kau, kamar sabon tulu. Ya sake shi ya faɗi ƙasa, ya gangara bai ko tsage ba.

"Ƙasa ta kwaɓu," ya ce.

Kawu ya buɗe ƙirji. "Kun ji! Abokin takarata da bakinshi!"

"Wa ya kwaɓa?" in ji Mamudu.

"Ni," in ji Inna Zara'u daga jikin zana. "Ƙasar tuluna ce. Kwana uku ina neman wanda ya yaga mini ita."

Nan aka warware rawani aka naɗa wa Mamudu. Ya ce ya gode, maganarsa ta uku ke nan, ya gama na yini. Mai gari ya miƙe yana kakkaɓe riga, farin na ƙara shiga cikin shuni. Ya ce tunda Na Allah na son sa hannu a zauren nan, ba za a hana shi ba, sai dai ƙafa zai sa. Shi zai taka ƙasar tubali tun daga tushe har zanko.

Wata biyu ke nan ana ginin. Jiya na bi ta wurin da hantsi, na tarar da wasu fatake daga Mayahi sun tsaya suna kallon yadda bango ya miƙe. Kawu na cikin ramin laka har gwiwa, wando a naɗe, gumi na zuba. Ɗaya ya tambaya wane ne mai wannan aiki.

"Gabanshi kake," in ji Kawu, yana ciro ƙafa yana mayarwa. "Duk tubalin da ke cikin ginin nan, hwasa shi ka gani, sawuna ne ciki. Wancan mai rawanin jerawa kawai shike yi mini."